Ina Zafin Ruwan Randa Yake Tafiya?

A tsakiyar watan Afrilu, bayan an sauko daga sallar azahar, ka yi sallama a wani gida a Birchi, ko Kurfi, ko Dutsin-Ma, ka roƙi ruwan sha. In uwargida ta ɗebo maka na jarkar roba, za ka kurɓa ka ji shi ɗumi-ɗumi kamar an sirka na wanka. In kuwa ta tura moɗa cikin randar da ke gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfa, sai ka ji sanyinsa har cikin ƙirji. Rijiya ɗaya aka ɗebo su, safiya ɗaya, inuwa ɗaya suka wuni. To, me ya raba su?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce ƙasa tana da sanyi. Amma tsofaffin mata sun san maganar ba ta tsaya nan ba. Sun san sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi, sun san wadda gansakuka da dauɗa suka toshe sai an kankare ta kafin ta dawo hayyacinta, sun kuma san in aka shafe bayanta da siminti ko fenti don kada ta riƙa naso, to an kashe ta. Duk wanda ya lura da wannan ya riga ya kama bakin zaren. Sirrin randa yana cikin nason da take yi, wato zufarta.

Abu na farko da ya kamata mu gyara a tunaninmu shi ne kalmar sanyi kanta. Muna cewa sanyi ya shiga ruwa, alhali ba abin da ya shiga. Zafi ne ya fita. Ruwa tarin ƙwayoyi ne mitsi-mitsi waɗanda ido ba ya gani, kullum cikin motsi suke, suna gogayya da juna. Abin da muke kira zafi ƙarfin wannan motsi ne. Ba kuma gudu ɗaya suke yi ba: wasu na tafiyar hawainiya, wasu na tsere. Randa yumɓu ce gasasshiya mai ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsatsafowa ta cikinsu ya jiƙa bayanta. A can waje, ƙwayoyin da suka fi sauran ƙarfi su ne ke iya ɓallewa su bi iska su zama tururi. Kamar gari ne da majiya ƙarfinsa suka tafi ci-rani: waɗanda suka rage motsinsu ya ragu. Raguwar motsin nan ita ce sanyin da ka ji a moɗa.

Wani malamin kimiyya na jami'ar Gilasgo a Sikotlan, Joseph Black, shi ne ya fara auna wannan al'amari a wajen 1761. Ya lura cewa ƙanƙara tana shan zafi mai yawa yayin narkewa ba tare da ma'aunin zafi ya ɗaga ba, haka ma ruwa yayin da yake komawa tururi. Ya kira shi ɓoyayyen zafi. Yawansa shi ne abin mamaki. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin kilojul 4.2 na zafi. Mayar da wannan lita tururi kuwa, a irin yanayin ɗakunanmu, yana cin kusan kilojul 2,400. Yi lissafi da randa mai cin lita 20: in ana so zafin ruwanta ya sauka da digiri 10, sai an fitar da kilojul 840, wanda ƙafewar wajen sulusin lita kawai ta isa ta kwashe. Bai ma kai ledar fiya-wata guda ba. Gaskiya ne zafin waje yana ci gaba da kutsowa, don haka nason ba ya tsayawa, ruwan kuma yana raguwa ko ba a sha ba. Wannan raguwa ita ce kuɗin da randa ke biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Da wannan ido, abubuwa da yawa da muka saba gani sai su zama abu ɗaya. Salkar fatake da makiyaya, wadda fatarta ke tsatsafo da ruwa. Galan ɗin direban babbar mota da aka ɗinke da buhun algarara ana jiƙa shi. Tsumman da ake jiƙawa a ɗora wa mai zazzaɓi a goshi. Ɗarin da ke kama yaro in ya fito daga kogi iska ta buge shi. Da kuma zufar jikinmu, wadda ita ce babbar kariyar da Allah Ya yi wa ɗan Adam daga zafin rana.

Sai dai randa ba ita kaɗai ke aikin ba, tana da abokiyar ciniki, wato iska. Iska tana da iyakar tururin da za ta iya ɗauka, iyakar kuma tana ƙaruwa da zafinta. In busasshiya ce, tana zuƙe nason da sauri. In ta riga ta ƙoshi da laima, sai nason ya tsaya a jikin randa yana ɗiga banza. Masana yanayi suna da hanyar gane iyakar sanyin da ƙafewar ruwa za ta iya bayarwa: su naɗe bakin ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle su bar iska ta buge shi. Inda ya tsaya, nan ne ƙarshen ikon kowace randa. A ranar bazara da zafi ya kai digiri 40 kuma laimar iska ba ta wuce kashi 15 cikin 100 ba, irin ranakun da muka sani a ƙasar Katsina tsakanin Maris da Afrilu, jiƙaƙƙen ma'auni yakan sauka zuwa wajen digiri 20 ko 21. Tazarar kusan digiri 20 ke nan. Randa ba ta cinye wannan tazara duka, amma ko rabi ta ci an ji daɗi. A watan Agusta kuwa, lokacin marka, zafi na iya zama digiri 30 kawai amma laima ta kai kashi 80. Jiƙaƙƙen ma'auni ba zai sauka ƙasa da 27 ba. Shi ya sa ruwan randa yake lami da damina, shanya take kwana biyu ba ta bushe ba, kilishi yake ƙin yin daɗi, mutum kuma ya ji jikinsa na danƙo ko da rana ba ta fito ba.

Nan ne maganar ta daina zama ta jin daɗin ruwan sha kawai. Lokacin da ya fi wahalar da jiki a ƙasarmu shi ne gab da faɗuwar ruwa, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da iskar kudu ta fara shigo da laima alhali rana ba ta sassauta ba. Zufa tana zuba amma ba ta bushewa, zufar da ba ta bushe ba kuwa ba ta kwashe komai. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, an kuma rasa rayuka a yankin, akasari tsofaffi. Mai azumi da ya wuni a gona ko a kan babur randa ce da ba a ƙara mata ruwa. Inuwa, iska mai wucewa, jiƙa jiki da tufafi, da shan ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, duk dabarun taimaka wa ƙafewar nan ne. In kuma aka ga mutum ya ruɗe, jikinsa ya yi zafi rau, to a jiƙa shi, a yi masa fifita, a nufi asibiti ba jinkiri.

Wannan ciniki tsakanin ruwa da iska shi ne kuma ke cin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma. Masu noman rani suna ganin bakin ruwa yana ja da baya tun daga kaka har bazara, kuma ba injinan ban-ruwa ne kaɗai ke shan sa ba. A tabkin Chadi, zurfin abin da rana da iska ke ɗauka a shekara ya kai wajen mita 2. Duk faffaɗan ruwan da ke shimfiɗe a sararin ƙasar nan yana biyan irin wannan haraji.

Mutumin da ya ɗauki sanin kakanni ya juya shi zuwa maganin asarar manoma ɗan Arewa ne, Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, ya kuma taso cikin dangin magina tukwane. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar randa cikin randa: a sa ƙarama cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a zuba kayan miya a ta ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin yana naso ta babbar, yana ƙafewa, yana jan zafi daga ta ciki, kayan kuma ba su taɓa ruwa ba. Rahotannin lokacin sun ce gautan da ke yaushi cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono suka haura mako uku. Ya raba dubban tukwanen a ƙauyukan Jigawa, ya sami kyautar Rolex a 2000, mujallar Time ta Amurka ta sa dabarar cikin ƙirƙire-ƙirƙiren 2001. Ya rasu a 2010. Abin da ya fi burge ni a aikinsa bai tsaya ga tukunya ba: ya hango cewa in kayan miya za su iya jira, ba dole ba ne a tura yarinya talla kullum don gudun asara.

Amma girmama mutum ba ya nufin ɗora wa dabararsa abin da ba za ta iya ba. Randa cikin randa ta lokacin rani ce, an kuwa yi sa'a lokacin ne tumatirin fadama da na bakin dam yake cika kasuwa. Da damina ƙarfinta kaɗan ne. Tana son inuwa da iska, ba ƙuryar ɗaki ba. Ba ta ajiye ɗanyen nama ko kifi, ba ta kuma ajiye allurar riga-kafi, wadda ke bukatar zama tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya san dalilin sanyinta shi zai san ranar da zai dogara da ita.

Ƙanƙarar da ake sarowa cikin azumi ita ma ɓoyayyen zafin nan take sayarwa. Kilo ɗaya yana shan kilojul 334 kafin ya gama narkewa, daidai da abin da zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Jefa kilo ɗaya cikin lita 4 na zoɓo mai digiri 30, zai sauko da shi wajen 8. Zuba lita ɗaya ta ruwan da ke digiri sifili amma bai daskare ba, da ƙyar zoɓon zai sauka 24. Shi ya sa mai saye yake matsa ledar ya ji ko ta yi dutse, yana kuma da gaskiya. Mai sayarwa kuma yana turbuɗe ta cikin garin katako da buhu, domin iskar da ta maƙale a tsakankaninsu ba ta barin zafi ya ratsa da sauri, kamar yadda bargo ke yi wa mai barci da hunturu.

Kada kuma a haɗa zufar randa da zufar kwalbar lemo mai sanyi. Ta randa daga ciki ta fito za ta tafi. Ta kwalba daga iska ta sauko, tururi ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa, irin raɓar da ke kwana kan ciyawa da kaka. Duk tururin da ya koma ruwa kuwa sai ya amayar da zafin da ya ɓoye. Wannan ne ke dafa dambu a madambaci da alkubus a gwangwani, shi ne kuma dalilin da ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni. Wasu abubuwan ma tsallake matakin ruwa suke yi: kafur ɗin da ake sawa cikin adaka yana ƙanƙancewa har ya ɓace bai jiƙa tufa ba.

Akwai wata asara a madafanmu da nake ganin ta fi kowace sauƙin magani. Ruwa in ya tafasa, zafinsa ba ya ƙaruwa, komai wutar da aka zuga. A tudun ƙasar Katsina, kimanin mita 500 sama da teku, yana tafasa a wajen digiri 98, nan kuma zai tsaya. Duk itacen da aka ƙara bayan haka tururi kawai yake yi. Wake ba zai nuna da wuri don an cika murhu da wuta ba. A rage ta, a rufe tukunya, a bar ta tana ɓararraka a hankali. A yankin da kowane ƙirare ya zama kuɗi, bishiyoyi kuma suna ƙarewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hanya ɗaya ta ɗaga zafin tafasa ita ce a tsare tururin ya danne ruwan. Denis Papin, Bafaranshe, ya ƙera irin wannan tukunya a 1679, jikokinta su ne tukwanen zamani masu murfi mai kulle da ke kai ruwa wajen digiri 120.

Da muka ambaci danniya, mun shigo halin iska ke nan. Ƙwayoyin iska sakakku ne, suna ta karo da bangon duk abin da aka tsare su a ciki, wannan karo shi ne matsi. Robert Boyle ya nuna a 1662 cewa in aka matse iska zuwa rabin wurinta, matsinta zai ninka. Daga baya Charles da Gay-Lussac na Faransa suka nuna yadda zafi ke kumbura ta. Kowane mai faci a bakin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma yana aiki da waɗannan dokoki. Tayar da aka ba fam 35 da sanyin safiya, a digiri 25, in gudu da kwalta suka kai ta digiri 65, za ta nuna kusan 42. Don haka da safe ake auna iska. Sace iskar taya mai zafi kuskure ne, domin taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasa, ta fi ɗaukar zafi, ita ce ta fi saurin fashewa. Taɓa famfon keke bayan an gama ba da iska, za ka ji gindinsa da zafi: matsa iska yana zafafa ta, sakinta kuma yana sanyaya ta.

Tukunyar gas ɗin girki, wadda yanzu ta shiga gidaje da yawa, ta haɗa darussan biyu wuri guda. Girgiza ta ka ji, ruwa ne a ciki, na butan da furofan. Butan yana tafasa a wajen digiri sifili, furofan a 42 ƙasa da sifili. Matsi ne ya tilasta musu zama ruwa. Da an buɗe, sai su tafasa su fito, lita ɗaya ta zama wajen lita 250 ta iska. Tafasar tana jan zafi daga ƙarfen, shi ya sa tukunyar mai suyar ƙosai ko mai shayi take yin sanyi har ta yi raɓa. Ƙa'ida ita ce kada a cika ta fiye da kashi 80 zuwa 85 cikin 100, a bar wa ruwan wurin kumbura. Wanda ya matsa wa mai sayarwa ya ɗura masa har wuya, sannan ya ɗaure ta a bayan babur cikin ranar Afrilu, ya ɗauko wa iyalinsa haɗari. Gas ɗin kuma ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. In an ji warinsa a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki.

Firji kuwa randa ce da ba ta zubar da tururinta. William Cullen ya nuna a Sikotlan a tsakiyar shekarun 1750 cewa in aka zuƙe iska daga kan ruwa mai saurin tashi, zai tafasa ya yi sanyi har ƙanƙara ta fito. Jacob Perkins ya yi rajistar injin da ke maimaita wannan a zagaye a Landan a 1834. A cikin bututun firjin zamani akwai sinadari, sau da yawa aisobutan, mai tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifili. Yana tafasa a ciki ya kwashe zafin abinci, kwamfireso ya zuƙe tururin ya matse shi har ya fi iskar ɗaki zafi, ya bi ta bututun baya ya zubar da zafin ya koma ruwa, ya ratsa siririyar hanya matsinsa ya faɗi, ya sake tafasa. Ba a cin sinadarin nan kamar fetur. In mai gyara ya ce gas ya ƙare, ma'anarsa akwai huda, ɗura wani ba tare da an like ta ba zubar da kuɗi ne.

Me ya sa firji ke bukatar wuta alhali randa ba ta bukata? Domin zafi kamar ruwan kwari yake, daga mai zafi zuwa mai sanyi yake gangara da kansa. Sadi Carnot ya aza harsashin wannan fahimta a 1824, Rudolf Clausius ya fayyace ta a 1850. Randa tana cin arzikin ƙishirwar iska ne, iyakarta kuma iyakar wannan ƙishirwa. Firji yana tura zafi ya hau tudu, daga cikin akwati mai sanyi zuwa ɗaki mai zafi, dole a biya da lantarki, ko man janareta, ko faifan sola. Tudun kuma yana ƙara tsawo da zafin gari, don haka a watan da aka fi bukatar ƙanƙara, a watan ne injin ya fi wahalar yin ta. Firjin da aka manna da bango a shago mai rufin kwano yana shaƙar zafin da ya zubar. Barin ƙofarsa a buɗe kuma ba zai sanyaya ɗaki ba, ƙara masa zafi zai yi.

Abin da ke damuna shi ne yaron da ya tashi yana shan ruwan randa zai zauna a ajin fiziks ya haddace sunayen Boyle da Charles da Turanci, ya zana layuka, ya ci jarrabawa ko ya faɗi, ba wanda ya ce masa darasin yana jingine a tsakar gidansu. Dutsin-Ma tana da jami'ar tarayya tun 2011, tana da kwalejin horar da malamai ta Isa Kaita, daga nan malaman makarantun Kurfi da Birchi da yawa ke fitowa. Gwajin da nake so in ga an yi bai fi ƙarfin kowace sakandare ba: ma'aunin zafi guda huɗu, ɗaya a rataye a inuwa, ɗaya naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ɗaya cikin randa, ɗaya cikin jarka. Ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka nuna da ƙarfe biyu na rana, daga Nuwamba har Oktoba, su kuma auna ruwan da randar ta rasa. A gwada yumɓun magina daban-daban, a gwada baki buɗe da rufe, a gwada gindin darbejiya da cikin zaure. Ƙarshen shekara za a sami takarda guda, da Hausa, wadda za ta gaya wa mai tumatir a bakin Zobe watan da randa cikin randa za ta riƙe masa kaya, da watan da gara ya yanka ya shanya kauɗa.